Takardar da Ta Tsare Mu a Malbaza

Mu huɗu muka shiga Birnin Ƙonni a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, ina rungume da babbar gangata don kada ramukan hanya su fasa ta. Tsakiyar bazara ne, shekara guda bayan soja sun karɓi mulki a ƙasar. Tun daga Jos ake ja mana kunne cewa jandarman Faranshi ba sa wasa, mu kuwa muna dariya.

Shugabanmu Oga Sami ne, mai jita, kuma shi ke waƙa. Mutumin kudu ne daga can bakin teku, aikin kuza ya kawo shi Jos yana saurayi, kiɗa ya zaunar da shi. Ya haura hamsin a lokacin. Hausarsa ta ciniki ce kawai, ba ta kai shi ko'ina. Ya ga abin da ya gani lokacin yaƙi, shi ya sa ko kakin ɗan sanda ya hango daga nesa sai ka ga jikinsa ya mutu. Sai Bitrus mai busa ƙaho, ɗan ƙauyen bayan Bukur, mai saurin fushi da saurin hucewa. Sai Ɗanladi mai babbar jita. Sai ni, Garba, mai ganguna, kuma ni ne bakinsu duk inda muka je.

Wanda ya ɗauko mu sunansa Lawali, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da sunan ba, kowa Patoron yake ce masa, wato maigida. Yana da gidan rawa a Malbaza. Ya ji kiɗanmu a wani otal a Jos, ya ce zai zaga da mu sati shida: Ƙonni, Malbaza, Illela, Tawa, har Yamai, inda ya ce za a saka mu a rediyo. Mutum ne mai fara'a, mai farin tabarau, ba ya rabuwa da turare. Ranar da muka sauka ya sa aka kawo mana gasasshen nama da burodi mai tsawo irin nasu, muna cikin ci ya miƙo hannu.

"Ku kawo takardunku in kai buro a buga musu tampo. Nan ba kamar Ingilishi ba ne, komi sai da takarda."

Buro shi ne ofis, tampo hatimi, Ingilishi kuwa mu ke nan. Na fassara wa Oga, muka zazzage aljihu muka ba shi. Har godiya na yi masa.

Wasanmu na Ƙonni ba zan manta da shi ba. A wani fili mai katanga aka yi shi ranar Lahadi bayan la'asar, an jona mana wuta daga inji. Direbobi, 'yan kasuwa, ma'aikatan buro da matansu, har da mutanen da suka tsallako daga wajenmu. Da farko tsaye suka yi suna kallonmu kamar masu gyaran mota. Sai Oga ya ɗauko wata waƙar Hausa da na koya masa kalma-kalma a Jos, yana karya ta yadda ya saba. Wata mata mai jiki ta fashe da dariya, ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta shigo fili. Shi ke nan wuri ya ɓarke. Sau uku aka sa muka maimaita waƙar. Da muka tashi Oga ya dafa kafaɗata, rigarsa sharkaf da gumi, ya ce, "Garuba, wannan ƙasa na da kyau."

Kwana biyu bayan nan muka wuce Malbaza.

Tun daga nesa za ka hango dogon bututun gidan siminti. Farar ƙura ce a kan komai, ganyen itace, gashin jaki, bakin randa. In na goge fatar ganga da safe, kafin azahar zan iya rubuta sunana a kai da yatsa. Ɗakin da aka ba mu yana bayan gidan rawar, rufin kwano, taga ɗaya. Mu da muka saba da sanyin Jos, har bargo muke ja a watan da wasu ke kuka da zafi, sai ga mu muna jiƙa tabarma da ruwa kafin mu kwanta a kai. Kayan kiɗa kuwa, da mun gama wasa Patoron zai sa a kwashe a kai wani ɗaki da suke kira mangaza, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu. Ya ce saboda ɓarayi.

Asabar da Lahadi muke wasa, wuri na cika maƙil da ma'aikata da direbobin manyan motocin siminti. Abin da ake samu a ƙofa ba mu taɓa ganinsa ba. Abinci dai ana ba mu, da sabulu, da taba ga masu sha. Sati na farko ya wuce, na biyu ya wuce. A na uku Oga ya ce in tambaya yaushe za mu Tawa, kuma ina takardunmu.

Na same shi da hantsi yana shan shayi a ƙarƙashin rumfa. Ya cire tabarau, ya dube ni kamar mai shirin yi mini ta'aziyya.

"Abokina, ban so hwaɗa muku ba. Magana ta ɓaci. Wani ya kai ƙara buro, ya ce tsohon ga naku ba makaɗi ba ne, leƙen asiri ya zo yi. Takardunku na hannun jandarma."

Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya buɗe ta a gabana ba tare da ya sake ta ba. Rubutun keken rubutu ne da Faransanci, da jan hatimi zagayayye a ƙasa, da sa hannu mai ƙahoni.

"Ka gani? Kumanda ya ce ba ku hita garin ga sai an gama bincike, in ba tare da ni ba. Ni na tsaya muku, da yanzu kuna kaso. Wanda duk anka kama bisa hanya, can arewa cikin rairayi za a kai shi, ba mai sake jin labarinai. Kuma ku kama bakinku. Zamanin soja ne, ba ka san wa ke kai magana ba."

Da na koma ɗaki na fassara, Bitrus ya tashi yana zage-zage, ya ce a je burodin ko buron ne, a yi ta ta ƙare. Oga ya zauna a bakin tabarma. Can ya ce, "Ba wanda zai je. Ni na san soja. Mu jira."

Muka jira.

Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai taɓa yi ba. Ba a ɗaure muke ba, ƙofa a buɗe take. Za ka iya fita ka zaga kasuwa, ka zauna bakin titi ka ga motocin siminti suna wucewa yamma, wasu har Ƙonni, inda iyaka ba ta fi tafiyar ƙafa ba. Amma in jandarma ya gifta a kan babur sai mu sunkuyar da kai. In wani ya gaishe mu da fara'a sai mu ce ko shi ne mai kai maganar. Ranar Asabar kuma mu sa rigunanmu masu ƙyalli mu hau dandamali mu yi ta murmushi, mutane na rawa suna ihu, ba wanda ya san halin da muke ciki. Sau ɗaya ya kai mu Dogarawa ranar kasuwa, muka yi wasa a bayan mota, manoma da Fulani suka kewaye mu, wani tsoho ya matso ya taɓa ƙahon Bitrus ya ce, "Wanga zinariya ce?" Kafin rana ta faɗi an maido mu ɗakinmu.

Wadda ta riƙe mu da rai a garin nan wata tsohuwa ce mai tuwo a bakin ƙofar gidan siminti, Inna Hassu. Iyayenta mutanen Gusau ne, fatauci ya kawo su. Tun ranar da ta ji Hausata ta ce, "Kai ɗan Ingilishi ne," ta riƙa ƙara mini miya. Da ta lura Oga ba ya iya cin tuwon gero, sai ta riƙa dafa masa 'yar shinkafa daban da barkono mai yawa, ta rufe da faifai ta ba ni. Ban gaya mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba, amma wata rana tana zuba mini tuwo ta ce, "Ɗana, baƙon da ya zo sati shida ba ya sanin sunan karnukan unguwa."

A wata na biyu Ɗanladi ya gudu. Mun tashi da safe muka ga tabarmarsa a naɗe, ya bar jitarsa a mangaza, ya bi daji da ƙafa. Patoron ya zo yana huci, ya ce an kama shi a hanya, an wuce da shi arewa. Oga ya kwana biyu bai ci abinci ba. Sai bayan shekaru na ga Ɗanladi a tashar Bauci yana sayar da kayan gyaran keke, ya ce ko kare bai yi masa haushi ba har ya isa gida. Amma a lokacin mun yarda.

Daga nan jikin Oga ya fara lalacewa. Zazzaɓi da yamma, amai, sannan idanunsa suka koma ruwan ɗorawa. Inna ta ce shawara ce, ta aiko da jiƙo. Na roƙi Patoron a kai shi likita, ya ce likita zai nemi takarda, daga nan sai kaso. Ya kawo wasu ƙwayoyi a ƙullin takarda. Ranar Asabar kuma dole ya hau dandamali. Muka riƙa ajiye masa kujera, yana waƙa a zaune, ni ina ƙara ƙarfin ganga don in rufe inda muryarsa ta gaza.

Ana cikin haka wani direba da na ba wasiƙa ya kai Jos ya dawo mini da amsa. Matata Hajara, da na bari da ciki, ta haihu. Mace. Har an yi suna, ƙanena ne ya tsaya a madadina. Na karanta a bayan rumfar Inna, na kifa kai a gwiwa ina kuka kamar ba namiji ba. Ta bar ni sai da na gama, sannan ta zauna kusa da ni.

"Ban san abin da ya riƙe ku ba, kuma ban tambaye ka ba. Amma ƙanena na da amalanke, jibi zai kai wake wajen Bazaga. Daga can ƙasarku kamar nan da bakin kasuwa ce. Kai Bahaushe ne. Ka sa tsohuwar riga ka zauna bisa buhu, wa za ya tambaye ka?"

Gaskiyarta. Ni kaɗai a cikinmu nake iya ɓacewa cikin mutane. Ranar da aka sa, bayan sallar asuba, na ɗauki 'yar jakata na fita. Na tarar da amalanken a bayan kasuwa, an ɗaura wa jaki, mutumin ya matsa mini wuri. Na ɗora ƙafa ɗaya. Ina nan a haka, sai na tuna jiya da yamma Oga yana nuna mini gefen cikinsa na dama yana faɗin abin da yake ji da Turanci, ni ina juya wa Inna. Bitrus na jin Hausa, amma in ya buɗe baki a gaban Patoron faɗa ne. Na sauke ƙafata. Na ce wa mutumin ya gaida gida.

Da na koma Oga na kwance, idonsa biyu. Ya dubi jakar, ya dube ni.

"Garuba, don me ka dawo? Ka tafi ka ga yarinya. Ni ba fushi."

"Oga, in na tafi wa zai faɗa musu inda ke maka ciwo?"

Ya juya fuskarsa bango. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Ruwan farko ya sauka, mutane suka fita shuka, gidan rawa ya rage cika. Sai Patoron ya samo wata hanya: wani babban ɗan kasuwa a Illela, ta can hanyar Tawa, ba tamu ta bakin iyaka ba, yana aurar da ɗansa, yana son kiɗan zamani. Na ce Oga ba zai iya tafiyar ba. Ya ce an riga an yi magana. Muka shimfiɗa masa tabarma a bayan mota tsakanin ganguna, Bitrus ya riƙe masa zane a kai saboda rana.

Da la'asar aka fara, a ƙofar gidan mai bikin, an kafa rumfuna, mata sun yi kwalliya sun zauna gefe guda. Oga ya yi waƙa biyu. A ta uku na ga jitar ta zame daga cinyarsa, shi kuma ya bi ta a hankali har ƙasa. Na tsallake ganguna na tallafo kansa. Jikinsa kamar garwashi.

Mai bikin, Allah ya saka masa, bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Ya daka wa mutanensa tsawa, aka ɗauki Oga a kan tabarma sai gidan likita. Babban ma'aikacin wurin wani siririn mutum ne mai furfura, suna ce masa Manjo. Ya buɗe idon Oga, ya danna cikinsa, ya juyo a fusace.

"Wa ad da mutumen ga? Tun yaushe shike haka?"

Na ce ya fi wata.

"Wata guda! Kuna jiran shi mutu ne?"

Ya yi masa allura, ya sa aka rataya ruwa, sannan ya ɗauko littafi ya ce in kawo takardar mara lafiya. Na duba hagu na duba dama. Na gaji. Na ce a raina in kaso ne a kai mu. Na gaya masa komai, da ƙarar da aka kai, da binciken, da umarnin kumanda. Yana saurare yana ɗaure gira. Ban rufe baki ba Patoron ya shigo yana share gumi, ya yi wa Manjo Faransanci mai tsawo. Manjo ya amsa masa da Hausa, da gangan, don mu ji.

"Ka ce akwai umarnin a maida shi Malbaza yau? To, kawo takardar in gani."

"Ba ta hannuna."

"Tana aljihunka na gaba," in ji ni. Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Asirin gwamnati ne, ba a nuna ma kowa."

"To madalla," in ji Manjo. "Ga gidan jandarma can bayan lakwal, makarantar yara. Bari in aika a kira shugabansu, shi ya karanta muna."

Patoron ya juya zai fita. Bitrus na tsaye a bakin ƙofa. Wata huɗu yana haɗiye fushi. Ya cafki wuyan rigarsa da hannu ɗaya, ya zaro takardar da ɗayan, har aljihun ya yage, ya miƙa wa Manjo.

Manjo ya sa tabarau ya karanta. Ya juya bayanta, ya sake juyowa. Sai ya yi 'yar dariya, ya dube mu, dariyar ta tsaya.

"Malam, wannan ita ce ta tsare ku?"

Na ce ita ce.

"Izinin yin rawa ne. An ba shi izinin tara mutane a gidanai ranar salla. Shekara biyu ke nan da ta wuce. Ba sunan ko ɗayanku ciki."

Na zauna a ƙasa. Bitrus ya saki Patoron, ya tsaya yana kallon hannunsa. Daga kan gado Oga ya ce, "Garuba, me ya ce?" Na faɗa masa da Turanci, a gajarce. Ya rufe ido, hawaye na bin gefen kunnensa.

Manjo ya aika aka kira jandarman duk da haka. Shugabansu wani baƙin mutum ne mai ƙiba, ya saurari Manjo, ya saurare ni, ya ce a buɗe motar Patoron. A ƙarƙashin kujerar direba aka samu takardunmu, har da ta Ɗanladi, a naɗe cikin takardar buhun siminti, an ɗaure da roba. Ba su taɓa shiga wani buro ba. Shugaban ya girgiza kai ya ce mini, "Da kun taho wurinmu tun ranar farko, da ko shayi mun ba ku." Suka tafi da Patoron. Ban sake ganinsa ba, ban kuma tambayi abin da aka yi masa ba.

Kwana goma sha ɗaya Oga ya yi a gidan likitan. Matar Manjo ke aiko da kunu, mai bikin ya ba mu zaure muka ajiye kaya muka kwana. Ranar da Oga ya iya zama da kansa, angon ya zo gaishe shi, ya ce har yanzu ana maganar waƙa biyun nan a gari. Shugaban jandarma ya rubuta mana takardar wucewa, ta gaske, ya karanta mana ita da Hausa layi-layi kafin ya buga hatimi.

Motar albasa ce ta kai mu Ƙonni. Na so in biya Malbaza in yi wa Inna Hassu sallama, amma ba hanyar direban ba ce, sai saƙo na bayar. Ban san ko ya isa ba.

Da hantsi muka iso bakin iyaka. Sanda ce guda aka gitta a kan gangunan mai biyu, da wata 'yar rumfa. Mata na wucewa da ƙwarya a ka, masu jakuna na wucewa, ba mai ce musu komai. Ma'aikacin na zaune yana cin ƙosai. Ya ɗaga ido ya ga kayan kiɗa, ya yi mana alama da hannu mu wuce.

Oga ya ce a tsaya. Muka sauko da shi, ni da Bitrus, kowa ya riƙe hannu ɗaya. Ya taka a hankali har gaban teburin, ya ajiye takardarsa da ta shugaban jandarma.

"Ku wuce, baba, ba komi," in ji ma'aikacin.

"Duba," in ji Oga.

"Na ce ku wuce."

"Duba shi. Don Allah. Wata huɗu ni zauna."

Mutumin ya dube ni, na ce, "Ranka ya daɗe, ka duba masa." Ban san abin da ya gani a fuskokinmu ba. Ya ajiye ƙosan, ya goge hannu a wando, ya ɗauki takardar ya karanta tun daga sama har ƙasa. Ya dubi hoton, ya dubi Oga, wanda ya rame har bai kama da hoton ba. Ya jawo akwati ya nemo hatimi, ya hura masa iska, ya buga. Sannan ya miƙe tsaye ya ba shi da hannu biyu, ya kira cikakken sunansa da lakabin girmamawa irin na Faransanci.

"Mushe Samuwel, takardarka daidai take. Sauka lahiya."

Oga ya karɓa ya sa a aljihu. Ya ce mu sake shi. Muka sake shi, ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin sandar da ƙafarsa, mu muna biye da kaya.